Idon Barakatu Mai Hula

A wani lungu da ke bayan rijiyar Kusugu aka haifi Barakatu, a gidan Malam Dabo baduku. Tun tana ƙarama an san ta da abu biyu. Ba allurar da za ta gagare ta zura zare, kuma ba ta gaida mutane a hanya. Na farkon ya sa mata suka riƙa aikowa a kira ta in za su yi ɗinki. Na biyun kuwa ya jawo mata duka ba adadi.

"Kin ga gwaggonki a bakin kasuwa kika wuce ta kamar ba ki san ta ba?" in ji mahaifiyarta.

"Wallahi Inna ban gan ta ba."

"Ido buɗe ki ce ba ki gan ta ba? Girman kai ne dai tun yanzu."

Ita kuwa gaskiya take faɗa. Duk abin da ya wuce 'yan taku daga inda take tsaye, dishi-dishi take ganinsa. Mutum sai ya zama wani dogon abu mai motsi, bishiya ta zama dunƙulen kore. Ta san wasu sun fi ta hangen nesa, amma ta ɗauka halitta ce, kamar yadda wani ya fi wani tsawo. Tabarau kuwa a tunaninta na tsofaffi ne masu karatu, sai kuma 'yan boko masu son a gan su.

A firamare dogayen yara a baya ake zaunar da su, ita kuma doguwa ce. Allo a wurinta baƙin bango ne da farin hayaƙi a kai. Abin da ya cece ta shi ne ƙawarta Madina, 'yar maƙwabta, wadda suke benci ɗaya. Madina takan karkato da littafinta, Barakatu ta kwafa. Haka suka yi ta tafiya har aka zo aji na biyar aka raba su. Daga nan karatun Barakatu ya rushe. Malamai suka ce ba ta da kai, ita ma ta yarda. Madina ta ci jarrabawa ta tafi sakandare ta kwana, Barakatu ta zauna gida ta kama ɗinkin hula.

Ɗinkin ya karɓe ta. Takan kawo ƙyallen kusa da hancinta ta zuba zare daidai wa daida, har dillalai daga Mashi suka riƙa zuwa neman aikinta. Ta auri Sada, mai gyaran babur, mutum mai haƙuri da son raha. Shi kan ce mata, "Ke dai sai na zo gabanki na yi sallama kike sanin mijinki ne." Su yi dariya, maganar ta wuce.

Zumuncinta da Madina bai yanke ba. Madina ta zama malamar makaranta, duk hutu sai ta zo su wuni suna hira. Sai wata rana Barakatu ta bi ta gefen tasha za ta kai huluna. Ashe Madina na tsallaken titi tare da wasu malamai abokan aikinta, suna jiran mota. Ta nuna musu ita, ta ce ga aminiyarta can wadda take ba su labari. Ta ɗaga hannu, ta yi ta ɗagawa, ƙarar babura ta haɗiye kiranta. Barakatu ta juyo, ta ƙanƙance ido ta dubi wajen, fuska a ɗaure, ta wuce abinta.

Da labarin fushin Madina ya iso wa Barakatu, ta ɗauki mayafi ta tafi gidan su Madina ta yi ta rantsuwa.

"Barakatu, idonki yana cikin nawa," in ji Madina. "Har harara kika yi mini. In karatun da na yi ne yake miki ciwo, ai sai ki faɗa."

Wannan maganar ta soki Barakatu, domin ta taɓo inda yake mata zafi. Ta tashi ta fita ba sallama. Bayan haka sai gaisuwar biki da ta mutuwa. Daga baya Madina ta yi aure a garin Babban Mutum, gaisuwar ma ta ƙare.

Shekaru suka tafi. Sada ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar ta da 'ya'ya, ta ci gaba da riƙe su da allura. Ta haura arba'in lokacin da 'yarta Raihana ta shiga ajin kimiyya a babbar sakandare.

Raihana ba ta iya karatu shiru, sai ta yi wa wani bayani. Saboda haka kullum da la'asar takan zauna kusa da uwarta a tsakar gida ta mayar da ita ɗaliba. Zangon nan darasin haske suke yi a Fiziks. Wata rana ta tsoma cokali a kofin gilashi mai ruwa, ta ce, "Umma, kin ga kamar ya karye? Bai karye ba. Haske ne yake lanƙwasa in ya fito daga ruwa ya shiga iska." Wata rana kuma madubi ta ɗauko ta tari rana da shi ta jefa hasken a bango, ta ce yadda ya sauka a madubin haka yake tashi. Barakatu na ɗinki tana cewa to, ba don ta damu ba.

Da suka zo kan ido, Raihana ta ce akwai wani abu kamar gilashi a cikin idon kowa, shi ke tattara haske ya kai shi bangon bayan ido, a nan hoto yake fita. "Amma malaminmu, Malam Bature, ya ce wani idon ya cika tsawo, sai hasken ya haɗu tun bai kai bangon ba. Mai irin wannan idon yana ganin na kusa tar, na nesa kuma sai hazo. Shi ya sa kullum yake ƙanƙance ido."

Allurar Barakatu ta tsaya. "Sake faɗa."

Raihana ta maimaita, sannan ta ƙura wa uwarta ido, da yadda hular take dab da hancinta.

"Umma, mene ne a kan katangar can?"

"Wani abu dai baƙi."

"Tattabaru ne, Umma. Ga su nan a jere."

"To, ai ni haka nake tun tasowata. Wannan ba shi da magani."

"Yana da shi. Malam ya nuna mana a aji."

Washegari Raihana ta roƙi malamin nasu ya ara mata wani gilashi daga ɗakin gwaje-gwaje. Ɗan zagayayye ne, siriri a tsakiya, mai kauri a gefe. Ta ce irinsa yana ɗan baza haske kafin ya shiga ido, don ya je ya haɗu a inda ya kamata. Barakatu ta rufe ido ɗaya, ta kara shi a ɗayan, ta ɗaga kai.

Darbejiyar da ke tsakar gidan, wadda ta shekara da shekaru tana sharar ganyenta, ta ga kowane ganye daban a can sama, yana motsi shi kaɗai. Ta ga wayar lantarki da ba ta taɓa sanin ta ratsa ta kan rufinsu ba. Ta juyo ta ga Raihana a tsaye bakin zaure, ta ga har haƙoranta.

"Haka kuke gani?" ta tambaya. "Kullum?"

"Kullum, Umma."

Raihana ta zaci uwarta za ta yi murna. Sai Barakatu ta ajiye gilashin a hankali a kan tabarma, ta ja gefen zane ta rufe fuska. Ta daɗe tana kuka kafin ta ce, "Ashe ba daƙiƙiya ba ce ni."

Aka kai ta asibiti aka gwada idon, aka yanka mata tabarau. Ma'aikacin ya ce da tun tana yarinya aka kawo ta, abin da za a yi mata ke nan, ba ƙari. A hanyar dawowa ta yi ta tunanin Sada, wanda ba ta taɓa hango shi ya karyo kwanar lungu ba, da iyayenta da suka rasu suna mata kallon mai taurin kai.

Da kaka ta yi, ta hau mota zuwa Babban Mutum. Tun daga ƙofar gida ta gane Madina a can ƙarshen tsakar gida, ta yi ƙiba, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Madina ta karɓe ta da fara'a, ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo fura. Barakatu ta cire tabarau ta miƙa mata, ta kwashe labarin duka ta faɗa.

Madina ta juya tabarau ɗin a hannu, ta kara a idonta ta yi saurin cirewa. "Ikon Allah. To ni da na yi shekaru ina ba ki littafina kina kwafa, me ya hana ni ganewa? Kuma na koyar da yara nawa tun daga lokacin." Ta girgiza kai. "Ki yafe mini, Barakatu."

"Ni ma ki yafe mini. Da ban yi fushi na fita ba, da ba a kai haka ba."

Suka yafi juna. Amma da aka gama wannan, hira ta ƙi tafiya. Madina ta yi ta lissafa 'ya'yanta, Barakatu ba ta san ko ɗaya ba. Madina kuma sai a ranar ta ji cewa Sada ya rasu, ta yi ta'aziyyar da ta makara da shekaru. Suka ɗan taɓa zancen damina da tsadar zare. Kafin la'asar Barakatu ta ce za ta koma kada mota ta wuce ta, Madina ba ta matsa mata ta kwana ba. Ta rako ta har bakin titi, suka yi alƙawarin za su riƙa waya. Sukan yi, jefi-jefi, da salla.

Bayan nan Barakatu ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Tana ganin allo sarai yanzu, sai dai kan ba ya riƙewa kamar da, ga ɗinki na jira, ga abincin yara. Ta yi zango ɗaya ta bari. Ta dai iya karanta allunan shaguna, kuma takan karanta su a fili in tana tafiya, har 'ya'yanta su ce tana ba su kunya. Raihana ta samu gurbi a kwalejin ilimi, ranar tafiyarta Barakatu ta ɗaure mata kaya ta ce ta yi karatun da kyau, don ba nata ba ne ita kaɗai.