Fitilar da Baba Mai Waya Bai Iya Ƙirgawa Ba

Shagon Baba Mai Waya shi ne na ƙarshe a layin gareji, inda kwalta ta ƙare. Shekara talatin da huɗu yana gyaran wutar mota a wurin. Da can sai an bi layi. Yanzu masu na'urar kwamfuta sun buɗe a bakin titi, sun bar masa tsofaffin motoci da benci guda da rediyon da ke hira shi kaɗai. Tun rasuwar matarsa ya fi son shagon da gida, don a shago ko ba kowa akwai ƙarar guduma daga nesa.

Abin da aka san shi da shi ɗaya ne: ba ya cire ƙwan fitila. Idan fitilar jakar iska, jakar nan da ke kumburowa ta kare mutum a haɗari, ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa, wasu sukan zare ƙwan kawai, mai mota ya tafi yana murna. Shi kuwa sai ya ce, "Mara lafiya yana nishi, ka toshe masa baki, ka ce ya warke?"

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Hannunsa ya san kowace waya, amma ƙaramin haske da rana ya zame masa jan hazo. Ya san ranar da babban ɗansa ya ji, ranar za a sa wa shagon kwaɗo, a kai shi ɗakin baƙi a ajiye kamar tsohon batir.

Wata Talata da hantsi ya ji injin da ya sani tun kafin motar ta tsaya. Tsohuwar motarsa ce, wadda ya ba wa 'yarsa, Auta.

"Baba, ina kwana? Kun rame fa."

"Ke kuma kin tuna hanya. Me ta yi?"

"Haba Baba, sai ta yi wani abu zan zo?"

"Me ta yi, Auta?"

Ta yi dariyar kunya. "Jar fitilar nan ce, mai hoton mutum da ƙwallo a cinya. Sati biyu ke nan. Maigidana ya ce a cire ƙwan a huta, ga shi jibi zan yi doguwar tafiya da yara."

"Ki ce wa maigidanki ya cire nasa idon ya huta."

Ya ɗauko guntuwar waya daga aljihun gaba, wadda ta yi baƙi don shan hannu. Tsofaffin motoci suna faɗin ciwonsu da kansu: ka haɗa ramuka biyu a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, ka murɗa makulli, sai fitilar ta yi ta ƙiftawa, dogaye sannan gajeru. Adadinsu shi ke nuna inda cutar take.

Ya haɗa, ya murɗa, ya kai fuska dab da gilashin. Dogaye biyu, gajeru uku. Ya sake. Wannan karon gajeru biyar ya samu. Ya yafa tsumma a ka don ya tare rana, ya sake. Hazon ya yi ta motsi, bai san inda ɗaya ta ƙare wata ta fara ba.

Uku na nufin cikin sitiyari. Biyar na nufin akwatin da ke ba da umarni. Zai iya zaɓar ɗaya, ya kwance, ya ɗaure, Auta ba za ta taɓa sani ba. Sai ya tuna jibi, da yara a kujerar baya.

Ya cire tsumman a hankali.

"Auta, zo ki zauna nan. Ki ƙirga min da ƙarfi."

"Ni? Ku da kuke ƙirga ta kuna shan shayi?"

"Ƙirga dai."

Ta dube shi. Ta dubi tsumman. Ta shiga ta zauna a kujerar direba.

"Doguwa. Doguwa. Gajera, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta tsaya."

"Sake."

"Biyu da huɗu, Baba."

"Ƙarƙashin kujerar direba," in ji shi. Duk ƙirgensa biyu ba daidai ba ne.

Ya kashe motar, ya kwance kan batir, ya koma benci. Dokarsa ce: minti goma kafin a taɓa wayar jakar iska, don sauran wutar da ta maƙale ta huce, kada jakar ta fashe wa mutum a fuska. Auta ta zauna kusa da shi. Rediyo yana ta surutunsa.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun bara."

"Kuma kuka yi shiru."

"Wa zan gaya wa? Rediyo?"

Ta sunkuyar da kai tana murza makulli. "Ana yin aikin ido, Baba. Mutane suna warkewa."

"Yayanki zai rufe shagon kafin a kai ga likita."

"Yaya ba zai ji daga bakina ba, sai kun yarda. Amma motar wani fa? Wa zai ƙirga muku?"

Da lokaci ya cika ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ido a rufe. Yatsunsa suka bi wayar har inda ƙarfen kujera ya goge mata fata.

"Ga ta. Ke gajera, mijinki dogo. Ki ja gaba, ya tura baya, kun cinye wayar tsakaninku."

Ta yi dariya tana share ido. Ya sauya guntun gaba ɗaya, ya ɗaure shi nesa da ƙarfen, ya mayar da batir.

"Murɗa. Me kika gani?"

"Ta kama... tana nan... ta mutu, Baba."

Kafin ta tafi ya buɗe akwatin gaban mota ya jefa guntuwar baƙar wayar ciki.

"Ai taku ce."

"Ki ajiye. In an wanke idon kya dawo min da ita."

Ya tsaya yana sauraron injin har ya ɓace cikin hayaniyar titi.

Bayan azahar wani mai tasi ya tsaya, ya leƙo ta taga. "Baba, an ce ku ne maganin jar fitilar nan."

"Da ne," in ji Baba Mai Waya. "Koma bakin titi, wajen masu kwamfuta. Kada dai ka yarda su cire maka ƙwan."

Mai tasi ya juya. Baba ya gyara zama a benci, ya ƙara muryar rediyo kaɗan.