Kaya Mai Lamba Sittin da Uku

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka kwashe kayan gidan Mushe Lawali, wato Malam Lawali a bakin masu Faransanci, daga unguwar Saga zuwa unguwar Filato. Sati uku ke nan, amma har yanzu in na ga bargo a naɗe sai gabana ya faɗi. Madam ce ta ce in rubuta abin da ya faru saboda sababbin ma'aikata. To ga shi, mai dariya ya yi, na riga na saba.

Sunana Rakiya. Bayan na bar koleji na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin kwasar kayan masu canza gida, a matsayin mai lista. Ga wanda bai san aikin ba: kowane kaya, daga firji har turmi, sai na manna masa takarda mai lamba, in rubuta lambar da sunan kayan a lista. A duba wajen lodi, a duba wajen saukewa, sannan mai gida ya sa hannu cewa komai ya iso lafiya. Doka biyu Madam, mai kamfanin, ta kafa mini tun ranar farko: kada kaya ya shiga kamiyo, babbar motarmu ta kaya, ba lamba, kada kuma wani ɗan gida ya hau bayan kamiyo. Wanda ya karya ɗaya, ya ajiye rigar aiki. Ni kuwa ina watan ƙarshe na gwaji, saura kwana tara a ce an ɗauke ni ko an sallame ni.

Mushe Lawali ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Damagaram. Yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa, Hajiya Iya, wata ƴar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki. Tana da tukwanen ƙasa uku ginin garin Mirriya. Da na kai hannu zan manna musu lamba sai ta make ni.

"Ke ƴar nan, tukwanen nan sun girmi uwarki. In ɗaya ta tsage, ke ma sai kin tsage."

Na ce, "To Hajiya, in sha Allahu ba abin da zai same su."

Tsakiyar Janairu ce, kuma wanda ya san Saga ya san sanyin bakin kogi da na gonakin shinkafa. Muna sallame sallar asuba muka fara. Yatsuna sun ƙage, takardun ma sai na hura musu iskar baki suke mannuwa. Wajen ƙarfe takwas mun gama lodin kaya sittin da biyu. Baba Sumana, direbanmu kuma shef, wato shugaban ayarinmu, wani dattijon Bazabarme, ya ce a je a sha shayi kafin a kama hanya, don shi ƙafarsa ba ta jin birki. Muka bar ƙofar kamiyo a buɗe muka tafi wurin mai shayi a bakin titi.

Da muka dawo na hau don duban ƙarshe, sai na ga wani ƙunshi a kan kujerar falo, kusa da tukwanen nan: barguna biyu da wani tsohon zane, an naɗe sama da ƙasa. Babu lamba. Na ɗauka matar gidan ce ta cusa kayan shimfiɗa da ba ma nan. Ban gaya wa kowa ba. Da sauri na manna masa sittin da uku, na rubuta "ƙunshin barguna" a lista, na ɗauko igiya na zagaye shi da kujerar sau biyu don kada ya faɗa kan tukwane. Har na ɗan daddanna shi da gwiwa wajen ƙulli. Allah Ya yafe mini.

A ƙa'ida gaba nake zama, amma ranar talabijin da kwanonin gilashin uwargida sun cinye kujerata. Masu ɗaukar kayanmu biyu suka hau moto, babur ɗinsu, suka biyo mu. Baba Sumana ya ce in shiga baya in riƙe babban madubi. Ya rufe ƙofa ta waje, ya sa sakata. Duhu, sai ɗan haske ta wata ƴar kafa.

Ba mu yi nisa ba na fara jin ƙas, ƙas, ƙas. Na ce ƙila cokula ne. Amma cokali yana bin girgizar mota, wannan kuwa a jere yake tafiya, ko mota ta tsaya ba ya tsayawa. Sai kuma wani gunaguni ƙasa-ƙasa, kamar ana magana cikin randa. Na kasa kunne. Daga sittin da uku yake fitowa.

Nan take duk labaran mutanen ruwa da kakata take ba mu suka dawo mini. Gidan bakin kogi, an bar ƙofa a buɗe, mun kwashe gida ba mu yi wa kowa sallama ba. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace mini, na koma farko ta sake ɓacewa, ƙarshe na tsinci kaina ina addu'ar cin abinci. Na daki bangon da ke bayan direba da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da madubi, don ko a wannan hali ban manta da kwana tarana ba. Baba Sumana ya ƙure rediyo, bai ji ba.

Wajen unguwar Gamkalle muka faɗa wani rami. Na yi taga-taga, ƙafata ta nufi tukwane. Sai hannu ya fito daga cikin bargo, busasshe, sanyi ƙalau, ya cafke mini idon sawu ya janye gefe. Ya koma ciki. Ƙas, ƙas, ƙas.

Ihun da na yi, har yau maƙogwarona bai gama warkewa ba. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga kaina a kan firji, a durƙushe, madubi a rungume. A haka muka iso Filato.

Ana zare sakata na ajiye madubi na yi tsalle, ba takalmi ba ɗankwali, na ruƙunƙume mai gadin gidan maƙwabta, mutumin da ban taɓa gani ba.

"Rakiya, lafiya? Me ya faru?" in ji Baba Sumana.

"Kaya yana da hannu!"

Ya leƙa, ya ji gunagunin, ya ja da baya taku uku ya ce shi aikinsa tuƙi ne. Ƙattin nan biyu, masu ɗaga firji kamar kwali, ɗaya ya ce fitsari ya matse shi, ɗayan ya ce zai raka shi. Muna cikin haka wayar Baba Sumana ta yi ƙara. Mushe Lawali ne, yana cewa ba su ga tsohuwarsa ba, sun duba maƙwabta, sun duba har bakin ruwa.

Daidai nan ƙas ƙas ɗin ya tsaya. Aka shafa fatiha a cikin bargo, muka ji "amin", sannan murya ta fito tar:

"Wane ɗan banza ne ya ɗaure ni?"

Ashe da muka tafi shan shayi Hajiya Iya ta taka benci ta hau don ta zauna kusa da tukwanenta. Sanyi ya sa ta lulluɓe har ka, ta kama lazimin safe da hayaniyar kwasar kaya ta hana ta yi. Ita kuwa in ta ɗauki carbi, ko gobara ake ba ta magana sai ta idar.

Mushe Lawali ya iso a fusace, Madam ma ta iso don ya kira ta. Ya tarar da mahaifiyarsa da takardar sittin da uku a daidai goshi, igiya a ƙafafunta.

"An ɗaure mini uwa kamar buhun gawayi! Wa ya yi wannan? Ba na sa hannu a komai, kuma sai na kai ƙara!"

Madam ta karɓi lista ta duba, ta dube ni. Ta miƙo hannu tana nuna rigar aikina. Na fara ɓalle maɓalli ina kuka.

"Kai Lawali, rufe mini baki," in ji Hajiya Iya, tana zaune a kujerarta a cikin kamiyo kamar alƙali. "Sai da ka kulle gida ka shiga mota ka tuna kana da uwa. Duk gidan nan yarinyar nan kaɗai ta duba ta ga akwai abin da zai iya faɗuwa. Ba don igiyarta ba, da a ramin Gamkalle kaina ya fashe, tukwanena sun bi. Sai dai ba ta iya Ayatul Kursiyyu ba, wannan kam a gyara mata." Ta juya ga Madam. "Ke kuma bar mata rigarta, sanyi ake. Kawo takardar nan."

Ta sa aka karanta mata layin ƙarshe. Ta ce a goge "barguna" a rubuta "Hajiya". Sannan ta tsare ɗanta da ido har ya sa hannu cewa ta iso lafiya, ba tsaga ba karaya.

Ranar Litinin Madam ta kira ni biro, ofishinta. Ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin wanda ya karya doka ta biyu don ya cika ta farko ba. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Da kwana taran suka cika ta ce in ci gaba.

Abin da zan gaya wa sababbi shi ne: kada a bar ƙofar kamiyo a buɗe don shayi, kuma kafin a tashi a tabbatar da mutanen gida, ba kaya kaɗai ba. Masu canza gida hankalinsu na kan gilashi da talabijin, tsoho kuwa ba ya rabuwa da abin da ya sani. In ka ga kayan da ba ka san da shi ba, tambaya, kada tsoron faɗa ya sa ka yi shiru kamar ni. Lokacin sanyi kuma, duk abin da ke cikin bargo a yi masa sallama tukuna. In bai amsa ba a jira, ƙila bai idar ba. Jiya a wani gida na tsaya gaban wata naɗaɗɗiyar katifa na yi sallama sau uku, Baba Sumana na bayana yana cewa in ƙara haƙuri, ta kusa shafawa.