Filin Gédéon na Ƙarshen Magudana

Ni dai an ishe ni da kalmar Faransancin nan, konfiyans, wai yarda da kai. Yaro ya faɗi jarrabawa a nan Garwa, a ce ba shi da konfiyans. Mai tireda ya buɗe shago na biyu, a ce ai konfiyans ce. Haba jama'a! Ni shinkafa nake sarowa daga Yagwa, kuma a can na san Gédéon, wanda labarinsa ya sa kalmar ta fice mini a rai.

Mutumin dutse ne, daga wajen Mokolo ya sauko tun yana saurayi. Ba ya son magana, in ka gaishe shi ƙasa yake kallo. Ƙungiyar manoma ta ba shi fili a can ƙarshen magudana, inda ruwa ba ya isowa sai gonar kowa ta ƙoshi. Kowace shekara rabin shinkafarsa ƙaiƙayi ne. Dokar ƙungiya kuwa, wanda ya yi ta kasawa, a karɓe filin a ba wani. Da filin nan yake ciyar da 'ya'yansa.

Akwai Laurent, wanda gonarsa ke daidai inda ake sako ruwa. Ranar taron ƙungiya ya miƙe yana dukan ƙirji, ya dubi Gédéon. "Ɗan'uwa, matsalarka konfiyans! Shinkafa ma tana gane matsoraci." Aka kwashe da dariya, aka shiga maganar karɓe filin.

Sai Gédéon ya ɗago kai. "To Laurent, tunda a ƙirjinka abin yake, mu yi musayar gona na noma ɗaya."

Laurent, Allah sarki, da gaske ya yarda da maganarsa. Nan take ya miƙa hannu.

Da girbi na je saye. Buhunan Gédéon sun cika wuri dam, har ba wurin taka ƙafa. Laurent kuwa ya rame, ya yi ta jiran ruwan da bai zo ba. Na ce to, yau kowa ya gane. Ina! Mai ɗinke mini buhu ya matso yana murmushi: "Kin gani, Hajiya? Gédéon ya samu konfiyans, ta Laurent kuma ta gudu." Wallahi takaici ya kusa sa ni kuka.

Kowa ya koma gonarsa, aka sake ta da maganar karɓe filin. Wannan karon Laurent ya miƙe a hankali, hannayensa a baya.

"Na noma shi, na san shi," ya ce. "Duk mai son a raba Gédéon da filin nan, ya ɗaga hannu, shi za a ba."

Babu wanda ya motsa. Filin yana hannun Gédéon har yau, ruwan ma har yau a makare yake isowa.