Tsarabar Goggo da Ganuwar Dubrovnik

Ranar Laraba ce, ta ƙarshe a watan Agusta, shekarar da na cika sha ɗaya. Da ƙarfe goman safe muna tsaye ni da Mama da Baba a cikin tsohon birnin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya, daf da babbar ƙofa, kusa da wani famfon dutse mai siffar rumbu da ruwa ke zubowa ta bakunan fuskokin da aka sassaƙa a jikinsa. Rana ta fara zafi, duwatsun da aka shimfiɗa a titi suna ƙyalli kamar an shafe su da man gyaɗa. A hagunmu ga matakalar hawa ganuwar birnin, mutane suna ta hawa da gorunan ruwa a hannu. Na ja hannun Baba na nufi wajen. Sai Mama ta zuge jaka ta zaro wata takarda. Ina ganinta na gane ta, don na san ta sarai: ambulan ɗin wata wasiƙar ƙaramar hukuma ce, an cika bayanta da sunaye har gefe-gefe. Ta ce, "Rahila, bari mu sauke nauyin mutane tukuna. Ganuwa ba gudu za ta yi ba."

Ina da shekara bakwai muka bar Jos muka biyo Mama birnin Manchester na Ingila, inda take aikin kula da tsofaffi, Baba kuma ya samu tuƙin bas. Gidanmu a unguwar Gorton yake, irin jerin gidajen nan masu jan bulo da in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar a ɗakinka. A bayan gida akwai ɗan fili da bai fi tabarma uku ba, nan Mama ta jera bokitai tana shuka alayyafo da yakuwa, ni kuma aikina ban ruwa da tsince dodon koɗi, da kwashe shanya a guje duk sa'ad da sama ta ɓata rai, wato kullum. Hutunmu bai wuce Birmingham ba, gidan Goggo Saratu, yayar Baba. Duk watan Satumba in an koma makaranta, yara su dawo fatarsu ta yi ja, wannan ta ce Sifen, wancan ya ce Girka, ni in yi ta wasa da igiyar takalmina. Akwai wata Jade mai bakin tsiya da ta taɓa tambayata a gaban kowa ko Birmingham na da bakin teku. Shi ya sa shekarar da takardunmu suka fito aka ba mu jan fasfo na 'yan ƙasa, Baba ya ce za mu fita yawon buɗe ido kamar kowa, ban iya riƙe bakina ba. Na aro littafi a laburare mai hoton ganuwar nan ta zagaye jajayen rufin gidaje, teku na dukan gindinta, na kai aji na nuna wa kowa daidai inda zan tsaya a ɗauke ni hoto. Baba ya yi ta tsokanata wai ko ganuwar Zariya, garin ubana, ban taɓa hawa ba amma ina zumuɗin ta Turawa. Baki shi ke yanka wuya, ni dai na riga na faɗa.

A wani ƙauye muka sauka, nesa da birnin, don can ne masauki ke da sauƙi. Kwana huɗu muka yi a bakin ruwa Mama na hana ni wuce gwiwa, ita kuma tana zaune ƙarƙashin laima da zanenta na atamfa tana gadin jakunkuna. Shiga birni ta ce sai ranar ƙarshe, don kada tsaraba ta yi ta yawo a ɗaki. Ke nan wuni ɗaya tak gare ni, washegari da safe jirginmu zai tashi, kuma na karanta a littafina cewa da yamma ake rufe matakalar.

Wanda bai tashi a gidan irinmu ba ba zai gane nauyin takardar nan ba. A wajen Mama, tafiya ba ta cika sai ka dawo da abu a hannu, kuma wanda aka manta ba ya mantawa. Akwai matan zumunta na cocinmu kaf, da matar fasto, da wadda ta karɓi aikin Mama na makon, da wasu ɗalibai Musulmi 'yan Katsina da ke zaune a unguwar Hulme waɗanda ke kawo mana naman Sallah, har da tsohuwar Baturiyar da muka bar wa ban ruwan alayyafo. Amma sunan da ke can sama, an ja masa layi biyu, na Goggo Saratu ne. Ita ta riƙe Mama wata takwas a ɗakinta lokacin da ta fara zuwa ƙasar nan ba ta san kowa ba. Kuma an taɓa yin kuskure: Mama ta je Jos ta dawo ta raba wa kowa ƙuli-ƙuli da daddawa daidai wa daida, sai Goggo ta ce a gaban taro, "Ashe ni da kowa ɗaya ne." Tun ranar maganar take ci wa Mama rai.

Ƙananan tsarabar ba su ba mu wahala sosai ba, ko da yake sai da muka leƙa shago ya fi goma. An sayi 'yan ƙunshin wani fure mai ƙamshi da suke kira lavanda, da ɓawon lemo mai sukari, da 'yan maganaɗisun liƙawa a firji, Mama tana soke sunaye da biro tana sake ƙirga su da baki. Ni kuma duk inda muka ɓulla sai in ɗaga kai in hango mutane ƙanana a saman ganuwa suna tafiya abinsu. Agogon hasumiya ya buga sha biyu, tattabaru suka taso fuu suka rufe dandalin kasuwa, kowa na ɗaukar hoto, ni ina ƙirga awannin da suka rage mini.

A wani lungu mai matakala muka tarar da ita, wata tsohuwa da baƙin ɗankwali, zaune a kan kujera tana ɗinkin hannu, ta baza ƙyallayen shimfiɗa a tebur a gabanta. Mama ta ɗaga wani fari mai aikin jan zare da ruwan gwal a gefuna, ta duba bayansa, ta murza shi da yatsu. Na ga idonta ya sauya, na san Goggo ta samu. Tsohuwar ta nuna kuɗin a rubuce a ɗan kwali. Mama ta yi irin dariyar nan tata ta kasuwar Taminus ta Jos, ta dafa ƙirji kamar an zage ta, ta taya rabi. Tsohuwar ta girgiza kai ta sake nuna kwalin. Mama ta ƙara kaɗan, ta nuna wani zare da ta ce ya zame, ta ce ai ita ma ta san allura. Ko gezau. Sai ta ajiye ƙyallen, ta gyara jaka, ta ce mana da Hausa mu tafi, amma a hankali, kada wanda ya waiwaya, kafin mu kai kwana za ta kira mu. Muka taka kamar masu rakiyar amarya. Muka kai kwana, muka laɓe bayan wani shagon askirim muna jira. Da na leƙa, tsohuwar ko kai ba ta ɗaga ba, tana ta soka allurarta, wata kyanwa na barci a ƙafarta.

Baba ya ce wa Mama a hankali kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, nan abin da aka rubuta shi ne kuɗin, ta biya mu wuce. Mama ta ce babu kasuwar da ba a ciniki a duniyar Allah, tsohuwar dai gwana ce, kuma ita ba a haife ta jiya ba da za ta biya farashin farko kamar Baturiya. Muka zaga, muka koma, aka sake taya, aka sake tafiyar nan ta hankali. Wallahi har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Ƙafafuna sun yi zafi cikin sandal, gumi na bin bayana, ga ledoji an rataya mini hannu biyu, ga ganuwa a saman kaina.

Da Baba ya ga na fara kumbura, ya ce to shi zai hau da ni, Mama ta ƙarasa cinikinta mu haɗu a famfo. Na yi tsalle. Mama ta ce, "A'a. Tare muka zo, tare za mu hau." Ban taɓa jin haushin mutum irin na lokacin ba. Na ɗauka mugunta ce kawai, ita ba ta damu da ganuwa ba, ni ma ba za ta bari in more ba.

Zuwanmu na uku muka tarar da kujera babu kowa, an kwashe kayan, wani mai shago ya kwatanta mana da hannu cewa ta tafi hutun rana. Yanzu kuma hankalin Mama ne ya tashi, kada wani ya riga ta sayen ƙyallen. Ta ƙi motsawa daga lungun. Muka zauna a matakala muna cin cincin ɗin da ta soyo tun daga Gorton, 'yan yawon buɗe ido na tsallake mu, shanyar mutane na kaɗawa a samanmu, inuwa na ta hawa bango. Na yi magiya, na yi kuka, na yi barazanar tafiya ni kaɗai, Mama ta ce in gwada in gani. Sai bayan la'asar sosai tsohuwar ta dawo tana jan ƙafa. Kuma don Allah, Mama sai da ta sake tayawa. Daga ƙarshe ta biya daidai abin da ke jikin kwalin tun tsakar rana, sannan ta miƙa hannu ta nemi gyara. Tsohuwar ba ta gane ba, amma ta dubi fuskata ta ciro busasshen ɓaure ɗaya daga aljihu ta miƙo mini. Na ƙi karɓa.

Muka kwasa a guje ta babban titi, ledoji na dukan ƙafafunmu, Mama ce ma a gaba ta tattare zane. Muna isa wani mutum yana jan sarƙa a bakin matakalar. Baba ya roƙe shi da Turancinsa na direban bas, Mama ta haɗa hannuwa. Mutumin ya nuna agogonsa ya ce gobe. Mu kuwa ba mu da gobe a garin. Hoton da Baba ya ɗauke ni a gindin ganuwa yana nan, idanuna sun kumbura, bakina ya yi gaba, Mama na gefe ta ɗaga kai tana kallon sama. Shi na kai makaranta. Jade ta duba ta ce ai wannan bango ne kawai, ko a Gorton akwai bango.

Asabar ɗin da ta biyo muka ɗauki hanyar Birmingham, gidan Goggo. Mama ta durƙusa ta miƙa tsarabar da hannu biyu. Goggo ta juya ledar, ta leƙa ciki ba tare da ta ware ba, ta ce an gode, sai dai farin ƙyalle ba ya jure miya. Ta ɗora shi saman kabad ta shiga tambayar Baba labarin gida. Mama ta yi murmushi kamar an ba ta lambar yabo. Ni kuwa na rantse a raina ba zan taɓa saya wa kowa tsaraba ba, rantsuwar da na karya tun tafiyata ta farko daga jami'a.

Bara Goggo ta yi ritaya za ta koma Zariya, muka je taya ta haɗa kaya. Ni na hau kujera na sauko da tarkacen saman kabad, sai ga ledar nan, ta yi ƙura, ƙyallen na ciki da ninkinsa na ranar. Goggo ma ta manta daga ina ya fito, ta ce wa Mama ta ɗauka ko akwai mai so a coci. Da muka dawo Gorton Mama ta wanke shi da hannu, ta goge, ta shimfiɗa a teburinmu tana shafa jan zaren. Tsohon haushina ya taso ɗanye, na ce mata saboda wannan tsumman na rasa ganuwata, kuma da ta bar mu ni da Baba da na hau. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ke kina tsammani ke kaɗai kika ga hoton nan? Kullum in kin tafi makaranta sai na buɗe littafin naki. Tsoro na ji ku hau ku bar ni, in dawo ban ga komai ba sai ledoji."

Yanzu ina aiki, fasfo na cikin durowa, zan iya tashi in je Dubrovnik duk makon da na ga dama, ƙawayena ma sun je sun turo hotuna daga sama. Na ce wa Mama ta shirya in kai ta. Ta yi dariya ta nuna gwiwoyinta, waɗanda shekarun ɗaga tsofaffi suka cinye. Likita ya sa ta a layin tiyata, benen gidanmu ma sau ɗaya take hawa a rana, tana hutawa a tsakiya. Ta ce in je ni kaɗai in hau, in kawo mata lavanda. Har yau ban je ba. Gaskiyarta ce, ganuwa ba ta gudu ba, gwiwoyinta ne ba su jira ba.