Inna Kulu da Ƙwan Wake-wake

Kafin rana ta ɗago a Kwargaba, Inna Kulu ta riga ta dawo daga bakin fadama da sassaƙen maɗaci da ganyen dogonyaro ƙunshe a gyale. Sai ta daka da tafarnuwa, ta jiƙa, ta tace, ta bi gida-gida tana zuba wa kaji a kasko. Ga faɗa! In ta iske kasko da datti, ko matar mai gari ce sai ta sha magana.

Tun muna yara haka muka san ta. In ciwon nan mai murɗe wuyan kaji ya shigo gari, ita ake nema. Ba ta taɓa cewa tana warkarwa ba. "Jiƙona taimako na," in ji ta. "Ranar da malamin dabbobi yaz zaka da rigakafi, ku hiddo su duka."

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye wajen Rabah, Mas'uda ta iso garinmu, matashiya, ba uwa ba gida, sai kaza ɗaya wake-wake, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, a hammata. Kazar mahaifiyarta ce, ita kaɗai ta rage mata. Kazar ta saba da gari, ta yi ƙwai, ta hau kwanci, sai ciwon ya kama ta. Inna Kulu ta zauna a ƙasa tana ɗiga mata jiƙo a baki da tsinke. Bai yi ba. Kaza ta mutu, Mas'uda ta yi kukan da ba na kaza ba ne, kowa ya sani.

Inna ta taɓa ƙwan, ta ji da sauran ɗumi. Ta kwashe, ta cusa a zani jikin cikinta, ta nufi gida da sauri. Ita da ke hana mu haɗa baƙuwar kaza da na gida, ta janye ƙwan tata kazar, ta sa mata na marainiya, ta ware ta a akurki can bayan rumbu. Ta san tana iya rasa tata. Allah ya taimaka, ƙwan suka ƙyanƙyashe.

Inna, ke ce uwar kaji, ke ce uwar masu kaji. Yau ido ya yi rauni, kin ajiye turmi, Mas'uda ke yawo da jiƙon, har faɗan ta gada. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Mu da muka gani, kada mu bari abin maƙwabci ya huce muna kallo.

Kwanan baya ina zaune Mas'uda ta kawo wa Inna budurwar kaza, jikar waccan da ta mutu. Inna ta shafa bayanta a hankali.

"Mi al launinta, ɗiyata?"

"Wake-wake, Inna."

"To, alhamdu lillahi," in ji Inna. "Kazar uwarki ta zauna Kwargaba. Ke ma ki zauna."