Uwar Faranti da Tsohon Tauraronta

Ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun Farfesa a gida ba. Shekara ashirin da tara, a wannan lokacin tana bayan sashen kimiyya na jami'a, cikin wani ɗaki mai taga ɗaya, ta tuɓe takalmi a ƙofa don kada ƙura ta shiga na'ura. A waje akwai wani ƙaton farantin ƙarfe da ya hangame baki yana kallon sama. Shi ya jawo mata sunan Uwar Faranti, kuma in an kira tana amsawa.

Abin da take sauraro gawar tauraro ce. Ya ƙone ya dunƙule, bai fi girman gari guda ba, amma bai daina juyawa ba. Kowane juyi sai ya watso saƙo, farantin ya cafke, na'ura ta mai da shi ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sau takwas a sakan ɗaya. Kowace safiya takan saurari abin da aka kama, ta auna tazarar bugun, ta rubuta. Tsoho take ce masa. In ta dawo gida maigidanta ya ce, "Ya jikin Tsohon naki?" sai ta ce, "Lafiya lau. Ya fi ka cika alkawari."

A shekara ta goma sha bakwai shugaban sashe ya kira ta ofis. Za a cire farantin a ƙarshen zango, a yi wurin ajiye motoci.

"Farfesa, tsakani da Allah," in ji shi, "shekara goma sha bakwai kina jin abu ɗaya. Me ya canza?"

Ta fito zuciyarta a dagule, don ta san darajar aikin nan ita ce rashin yankewarsa.

Saura mako uku a kawo masu kwancewa, sai Tsoho ya yi sauri. Irin waɗannan taurari rage gudu suke yi a hankali, shi kuwa ran nan bugunsa ya riga lokaci da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Injiniyan da ke kula da na'urar yana wurin, kuma har yau yana ba da labarin. Ba ta yi murna ba. Cewa ta yi, "Buɗe mana agogon na'urar nan, wataƙila mu ne muka yi kuskure."

Kwana huɗu suna bin wayoyin na'urar ɗaya bayan ɗaya, wa'adi na ƙaratowa. Injiniya ya gaji ya ce, "Ranki ya daɗe, ki sanar da duniya mana, ko sa bar mana farantinmu!"

"In na faɗa ya zama ƙarya," in ji ta, "ba faranti kaɗai za a rushe ba."

Da ta tabbata na'urarta ƙalau take, sai ta kwashi rubutunta kaf ta aika wa masana na cibiyoyi uku a ƙetare, alhali ta san wani zai iya riga ta bugawa da sunansa. Suka juya manyan farantansu suka duba. Tsoho ya ƙara gudu, babu tantama. Amma ba wanda ya kama ranar da abin ya faru, balle shekarun da suka gabace ta, sai ita. Takardar da suka fitar tare har yanzu masu binciken cikin irin waɗannan taurari suna kafa hujja da ita, kuma sunan Injiniya ne na biyu a kai, don ta ce ba ta sa hannu sai da shi. Motoci kuwa aka nemo musu wani fili.

Ke ce mai haƙurin da ta dafa dutse, Uwar Faranti, kuma ba ki sha romon ke kaɗai ba. Ke ce kika tura ɗalibai goma sha ɗaya waɗancan cibiyoyi, shida suka dawo suna koyarwa. Muna alfahari da ke, kuma mun gode. Duk mai ƙaramin aikin da ake yi wa dariya, ya dube ki ya riƙe nasa da kyau.

Makon jiya ta yi ritaya, ta miƙa makullin ɗakin ga tsohuwar ɗalibarta da ta zama dakta. Washegari ta shirya tsaf kafin ta tuna ba inda za ta. Ta zauna a falo da jaka a cinya, tana tsoron kada yau shafin littafin awon ya kwana babu rubutu. Bakwai da minti biyu waya ta yi ƙara. Ba a ko yi sallama ba, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan muryar Dakta.

"Mama, na rubuta. Tsoho yana gaishe ki."

Farfesa ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kin dai tuɓe takalmi?"