Ina Gabas?

Malaminmu na labarin ƙasa a sakandare, can Jega, yana da wata ɗabi'a. Ko a bakin rijiya ya gamu da kai, sai ya sa ka rufe ido, ya jujjuya ka har jiri ya kama ka, sannan ya ce, "Kai ɗan Karaye, ina gabas?" In ka nuna daidai, ya wuce abinsa. In ka kuskure ya ce, "Haka za ka yi salla, kana kallon Kwatano?"

Na yi yawo daga Kumasi har Istambul, ban taɓa tambayar kowa alƙibla ba. Hannuna ya sani.

Ya rasu ina ƙasar waje. Da na dawo, na tafi garinsu, Jandutsi, don in yi masa addu'a a kabarinsa. A Istambul kowane kabari da dutsensa da sunan mai shi. Namu kuwa tudun ƙasa ne, damina ta mai da su iri ɗaya. Rana tsaka, ba kowa, na rasa wanne ne nasa. Na rufe ido don takaici.

Sai na ji muryar nan mai kaushi dab da kunnena: "Ina gabas?"

Hannuna ya tashi da kansa. Da na buɗe ido, arewa yake nunawa, kan wani tudu a gindin aduwa.

Wani manomin albasa da ke wucewa ya tsai da jakinsa.

"Wagga ita ta kushewar Malam, Alhaji," in ji shi. "Ɗalibansa duk haka suke yi in sun zo."

Na durƙusa a wurin, na ɗaga hannu na fara addu'a.